Alkamar da ba ta je kasuwa ba amma aka ci mai ita tara

Duk wanda ya tashi a gidan da ake da rumbu ya san akwai hatsin kasuwa akwai hatsin gida, kuma ba a haɗa su. Na kasuwa shi ake sussukewa a auna a buhunta a ɗora wa amalanke, na gida kuwa yana can a rufe sai ran da maigida ya ce a hau a ɗebo, kuma babu wanda zai taso daga birni da biro da takarda ya ce me ya sa bana ka zuba dami kaza alhali kaza muka yarje maka. Shi ya sa ranar da na fara cin karo da labarin wani manomi Ba'amurke mai suna Roscoe Filburn sai da na maimaita karatun, don na ɗauka idona ne ya yi min gizo. Wai mutum ya noma alkama a gonarsa, ya ce ta gida ce, gwamnatin tarayya ta ci shi tara, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, alƙalai gaba ɗayansu suka ce gwamnati ce da gaskiya. A Amurka fa, ƙasar da kullum ake cika mana kunne da cewa can kowa cin gashin kansa yake.

Filburn ɗan jihar Ohayo ne, kusa da garin Dayton, yana da shanun tatsa da kaji, kuma duk shekara yakan shuka 'yar alkama, ya sayar da wata, ya ba dabbobi wata, a niƙa wata a ci a gida, ya ajiye iri. A ƙarƙashin wata dokar noma ta 1938 gwamnati ta yanka masa eka 11.1 a matsayin iyakar abin da zai shuka na girbin 1941. Shi kuwa gogan naka ya shuka eka 23. Rarar da ya samu a ekokin da ya ƙara ta kai awo 239 na ma'auninsu da suke kira bushel, kowane ɗaya wajen kilo 27 ne, ka ce dai kusan buhu 65 irin namu mai kilo 100. Aka ce zai biya santi 49 a kan kowane awo, jimilla dala 117 da santi 11. Ya ce Allah ya kashe shi ba zai biya ba.

Kafin a yi wa gwamnatin Franklin Roosevelt, shugaban Amurka na wancan zamanin, tofin Allah tsine, gara a san halin da ake ciki lokacin, don ba haka kawai aka wayi gari aka ce a ƙayyade noma ba. Tun bayan karyewar tattalin arziki a 1929 manoman Amurka suka shiga uku, amfani ya yi yawa, mai saye babu, farashi ya faɗi warwas, bankuna suna ta ƙwace gonaki. Kuma abin takaicin shi ne idan farashi ya faɗi kowane manomi dabarar da take zo masa ita ce ya ƙara faɗin gona don ya cike giɓi, to kowa ya yi haka sai kasuwa ta ƙara cika, farashin ya ƙara nutsewa. Babu jiha ɗaya da za ta iya maganin wannan, in Kansas ta rage noma Nebraska za ta ƙara ta ci ribar. Saboda haka tarayya ta ce kowa ya rage tare, ita kuma ta tallafi farashi. Kuma ta tallafa ɗin, don a 1941 manomin da ya bi tsarin yana samun kusan dala 1 da santi 16 a awo ɗaya, alhali a kasuwar duniya santi 40 ne. Wannan ba ƙaramin gata ba ne, kuma shi ma Filburn ɗin in ya kai tasa kasuwa wannan farashin mai tsoka zai tarar.

Matsalar ita ce kundin tsarin mulkinsu na 1787 bai ba majalisar tarayya ikon kula da noma ba, ko kalmar ma ba ta cikin jerin ikonta. Abin da ya ba ta shi ne ikon tsara ciniki da ƙasashen waje, da ciniki tsakanin jihohi, da kuma ciniki da ƙabilun Indiyawan asali. An sa wannan ne saboda kafin nan jihohin suna ta lafta wa kayan juna haraji kamar ba ƙasa ɗaya ba. Gyara na goma da aka ƙara wa kundin a 1791 kuma ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a. Shekara da shekaru Kotun Ƙoli tana riƙe da cewa yin kaya daban, cinikin kaya daban. A 1895 ta ce tace sukari a masana'anta ba ciniki ba ne ko da kamfani ɗaya ya mamaye kusan duka harkar. A 1918 ta soke dokar tarayya da ta hana safarar kayan da ƙananan yara suka yi a masana'antu. A 1935 ta soke wani babban shirin Roosevelt a shari'ar wasu 'yan'uwa masu yankan kaji a Buruklin, a 1936 kuma ta soke dokar nomansa ta farko, ta ce noma harkar jihohi ce.

Sai Roosevelt ya ci zaɓen 1936 da jihohi 46 cikin 48, ya dawo da zafinsa, a farkon 1937 ya kawo ƙudurin ƙara alƙalai har shida a kan taran da ake da su. Majalisa ba ta yarda ba, amma a wannan shekarar kotun ta fara sassautowa, tsofaffin kuma suka yi ta ritaya ko mutuwa yana cike gurbinsu. Zuwa Nuwamban 1942 da aka yanke hukuncin Filburn kusan duk wanda ke zaune a kujerar nan shi ya naɗa shi, wanda ma ya rubuta hukuncin, Robert Jackson, tsohon antoni janar ɗinsa ne. Ban ce an saye su ba, kar a yi min fassara, amma dai wanda ya san yadda ake naɗe-naɗe ya san ba ka ɗauko wanda yake ganin shirinka haramun ne.

Hujjar Jackson kuwa, wallahi in ka karanta ta sai ka jinjina masa ko da ba ka yarda ba. Cewa ya yi alkamar da Filburn ya ci a gida, alkama ce da da bai noma ba da sai ya je kasuwa ya saya, ke nan da ya noma tasa ya rage wa kasuwa mai saye ɗaya. Kuma in farashi ya hau, wannan da ya ce ta gida ce ba abin da zai hana ya fito da ita ya sayar. Gaskiya ne tasa 'yar kaɗan ce, amma in aka haɗa ta da ta duk masu yin irin abin da ya yi sai ta zama babba, da yayyafi kogi kan cika, kuma alkamar da ake cinyewa a gonakin da aka noma ta a lokacin ba ƙaramin kaso ba ce, hawa da saukarta daga shekara zuwa shekara kan wuce kashi 20 cikin 100 na abin da ake nomawa. Saboda haka ko abu bai zama ciniki ba, ko bai tsallake iyakar jiha ba, in dai tarinsa yana taɓa kasuwar ƙasa sosai, hannun tarayya ya kai gare shi.

To ni a nan na tsaya, kuma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Tarar dala 117 ba ita ce damuwata ba. Filburn ba wani talaka ba ne mai noman abin sawa a bakin salati, mutum ne da yake ciyar da shanu da kaji da wannan alkama sannan ya sayar da madara da ƙwai, wato alkamar ta je kasuwa, kawai dai ta canza kama ne a hanya. Buhu 65 ba tuwon gida ba ne ko da gidan sarki ne. Da kotun ta ce malam kai ɗan kasuwa ne, abincin dabbobin da kake sana'a da su yana cikin sana'arka, biya tararka ka kama gabanka, da ban ɗaga biro ba. Amma ba ta tsaya nan ba, sai ta kafa hujja da cewa rashin sayenka ma shiga kasuwa ne. To don Allah wa ya tsira ke nan? Matar da ta shuka alayyafo da yakuwa a bayan ɗaki ta rage wa mai kayan miya ciniki. Wanda ya ɗinke rigarsa da kansa ya rage wa tela. Uwar da take shayar da ɗanta ta rage wa masu madarar gwangwani, kuma in ka tara iyaye mata na ƙasa gaba ɗaya ai ba ƙaramin kuɗi ba ne. Babu wani abu da ɗan Adam zai yi a cikin gidansa da ba za ka iya ninka shi sau miliyan ka ce ya taɓa kasuwa ba. Waɗanda suka zauna suka jera ikon majalisa ɗaya bayan ɗaya a 1787, da sun so a ce tana da iko a kan komai, ai da layi ɗaya ya ishe su, ba sai sun ɓata tawada ba.

Akwai ma wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba wanda ni ya fi ci min rai. Alkamar hunturu ce, tun a kakar 1940 ya shuka ta, lokacin tarar santi 15 ce a kan awo. Sai a watan Mayun 1941, alkama ta kusa isa yanka, majalisa ta ɗaga tarar zuwa santi 49. Kwanaki kaɗan kafin ƙarin ya zama doka ministan noma Claude Wickard ya yi jawabi a rediyo yana kiran manoma su amince da tsarin a ƙuri'ar da za a kaɗa, bai ambaci ƙarin ba, aka kaɗa ƙuri'a a ƙarshen watan, kashi 81 cikin 100 suka ce sun yarda. Ƙaramar kotu ta ba Filburn gaskiya a kan wannan. Kotun Ƙoli ta ce jawabin minista ba ya ɓata ƙuri'a, ƙarin kuma bai saɓa ƙa'ida ba. Manomi dai ya riga ya zuba irinsa a ƙasa, ba yadda za a yi ya tono shi.

Na san abin da za a ce min, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Wannan faɗaɗa ikon da nake kuka da shi, shi ne sandar da aka karya wariyar launin fata da ita a wuraren cin abinci da masaukai. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 a kan ikon ciniki aka gina ta, kuma a shekarar wani mai gidan gashin nama a Birmingham ta jihar Alabama ya je kotu yana cewa shi abokan cinikinsa 'yan gari ne, ina ruwan tarayya da wanda zai zaunar a teburinsa. Kotu ta ce kusan rabin abincin da yake saye nama ne da ya fito daga wata jiha, kuma in aka tara irinsa masu korar baƙar fata, cinikin ƙasa yana raguwa, ta kuma kafa hujja da shari'ar Filburn ƙarara. A matsayina na baƙar fata ba zan zauna in ce da an bar wa gwamnan Alabama na lokacin wannan hukunci ba, Allah ya kiyaye, mun san abin da kalmar 'yancin jihohi take nufi a bakin irinsu. Amma ku duba da kyau, gidan abinci kasuwa ne, ya buɗe ƙofa ya kafa allo yana karɓar kuɗin mutane yana sayen nama daga nesa. Ba sai an bi ta cikin rumbun kowa kafin a isa gare shi ba. Ana iya kama shi da hujjar da ta fi wannan ƙanƙanta, kuma har ga Allah ni na fi son a ce da gyara na 14, wanda ya yi maganar daidaito a gaban doka, aka kama shi, don abin kunya ne a ce mutuncin ɗan Adam sai an auna shi da kilon nama kafin kotu ta kare shi. Wani tsohon hukuncin kotun na 1883, da ya ce gyaran bai shafi wariyar da masu zaman kansu ke yi ba, shi ne ya toshe waccan hanyar, shi ya sa aka zagaya.

Abin da ya ƙara tabbatar min cewa hujjar nan ba ta da shinge shi ne abin da ya faru a 2005. Kalifoniya ta halatta wiwi don magani tun 1996, wata mata mara lafiya ta shuka guda shida a gidanta bisa izinin likita, ba ta sayar ba, ba ta fita da ita ko ƙofar gari ba, jami'an tarayya suka zo suka lalata. Ni ba mai kare wiwi ba ne, mun ga abin da ta yi wa yaran unguwanninmu, amma ba a nan maganar take ba. Kotun ta yanke shida da uku cewa tarayya tana da iko, kuma hujjar ita ce dai alkamar Filburn. Abin dariyar shi ne yadda aka yi musayar riga, alƙalai masu ra'ayin sassauci da suka fi tausayin matar su ne suka ba tarayya gaskiya don kar ginin hukuncin 1942 ya tsage, Antonin Scalia da aka sani da kare ikon jihohi shi ma ya bi su, Clarence Thomas kuwa ya ƙi, ya ce in majalisa za ta iya tsara wannan to kusan babu abin da ba za ta iya tsarawa ba. Na lura a Amurka kowa masoyin ikon tarayya ne ranar da jam'iyyarsa ke Washington, ranar da ta faɗi zaɓe kuma sai ya tuna akwai gyara na goma.

An ɗan yi ƙoƙarin kafa turaku daga baya. A 1995 kotun ta soke dokar tarayya da ta hana shiga da bindiga harabar makaranta, biyar da huɗu, ta ce wannan ba harkar tattalin arziki ba ce, jihohi su yi dokarsu, kuma wannan ne karo na farko cikin kusan shekara 60 da ta ce wa majalisa kin wuce gona da iri a ikon ciniki. A 2012 kuma a shari'ar inshorar lafiya ta Obama, babban joji John Roberts ya ce ikon tsara ciniki bai kai ga tilasta wa mutum ya sayi abu ba, duk da ya bar dokar ta tsaya a matsayin haraji. Amma duk waɗannan ba su taɓa manomi ba, noma dai tattalin arziki ne ko ta ina ka duba, saboda haka yana nan a ciki.

Inda nake son hannun tarayya ya yi ƙarfi, ƙarfi sosai ma, shi ne kan hanya. Kuma shi wannan Jackson ɗin ne ya fi kowa bayyana dalilin a 1949, lokacin da jihar Niyok ta hana wani kamfanin madara na Boston lasisin buɗe ƙarin wurin tara madara, wai don kar madarar jihar ta ƙare a tafi da ita wata jiha. Kotu ta soke hanin, Jackson ya rubuta cewa tsarin ƙasar ya ginu ne a kan kowane manomi ya noma da tabbacin cewa kowace kasuwa a ƙasar a buɗe take gare shi. Wannan shi ne ainihin abin da aka rubuta sashen ikon ciniki na kundin dominsa.

Mu ma nan Najeriya da muka aro tsarin shugaban ƙasa irin nasu tun 1979, kundin 1999 ya sa ciniki tsakanin jihohi a abu na 62 cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, filaye kuwa dokar 1978 ta damƙa su hannun gwamnoni. A takarda rabon ya yi daidai da abin da nake faɗa, a aikace kuwa sai addu'a. A Fabrairun 2024 da tsadar abinci ta kai mutane bango har aka yi zanga-zanga a Minna, gwamnan Neja Umaru Bago ya hana sayen kayan abinci da yawa daga kasuwannin jihar ana fita da su. Na fahimci zafin da ya sa shi, amma wanda ya fara ji a jikinsa shi ne manomin jihar da aka rufe wa masu saye, kuma wannan shi ne sak abin da Niyok ta yi da madara. Ga kuma shingayen karɓar kuɗi, na taɓa bin motar tumatir daga arewa zuwa kudu, tun ina ƙirga inda aka tsayar da mu har na gaji na daina, kowa da rasit ɗinsa da sandarsa mai ƙusoshi, direba yana ta miƙa hannu ta taga tumatir yana ta narkewa a kwando. Nan ne aikin tarayya yake kuma nan ne ba ka ganinta. Iyayenmu kuwa sun ga ɗaya fuskar, zamanin hukumomin sayen amfanin gona da suke yanka wa gyaɗa da auduga farashi ƙasa da na kasuwar duniya su riƙe rarar, har aka rushe su a 1986.

Su ma manoman alkama na Amurka ba su dawwama a kan ƙuri'ar 1941 ba. A watan Mayun 1963, zamanin Kennedy, aka sake tambayarsu ko sun yarda da ƙayyadewa ta dole mai tsauri, ana buƙatar kashi biyu cikin uku, masu cewa eh ko rabi ba su kai ba. Tun daga nan aka koma lallashin manomi da kuɗi maimakon tara, shirin da aka ci Filburn tara a kansa ya zama tarihi. Hukuncin kuwa yana nan ba a soke shi ba, ɗaliban lauya a can suna karanta shi a shekararsu ta farko, lauyoyin gwamnati kuma suna ɗauko shi duk lokacin da aka tambaye su ina majalisa ta samo ikon yin wata doka.